Gishirin Inna Mai Ludayi

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Inna Mai Ludayi, wadda ta yi shekara goma sha huɗu tana dafa wa 'ya'yanmu abinci a makarantar firamare ta unguwarmu. Ta kwanta ne washegarin ranar da aka ba yara hutu, ta yi jinyar kwana shida a gidan 'yarta, sai ta cika. Kamar dai ta jira ne ta wanke tukunyar ƙarshe ta kife, sannan ta tafi.

Inna, tunda ba ki taɓa fara magana da ni ba sai kin tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya, bari in fara da su. Baban yara lafiyarsa lau, bayan nan nasa ya yi sauƙi har yana wuni a shagon ƙaninsa yana auna wa mutane kaya. Kaka tana nan da gwiwarta, wata rana ta taka, wata rana ta ƙi. Auta ya yi mura ya warke, haƙorinsa na gaba ya faɗi, yana ta nuna wa kowa gurbin. Ni ma alhamdu lillahi, sai dai hannuwan nan da sabulu ya cinye. 'Yata Kurciya ce ba ta da lafiya. Ba zazzaɓi ba ne, ba ciwon ciki ba ne, na kai ta an duba ba a ga komai ba. Tana zaune ne kawai, ta rage cin abinci, kuma ta ce ranar Litinin da za a koma makaranta ita ba za ta koma ba. Shekararta goma, aji biyar za ta shiga zango na ƙarshe, kuma ke kin san wahalar da aka sha kafin ta zauna a aji.

Da hannuna nake wannan rubutu. Ban riƙe biro ba sai da na haura shekara talatin da biyar, a ajin manya da ake yi da yamma a makarantar nan, a kan bencin da yaranmu ke zama da safe. Kina ganina da littafi a hammata sai ki ce, "Sannu da zuwa, Malama Mai Wanki." Na sha ce miki ki zo mu shiga tare, ki ce kanki ya cika da kwanoni, babu wurin da baƙi zai zauna. A lokacin na ɗauka wasa ne. Kwana huɗu ke nan ina rubutu ina gogewa, domin abin da nake son faɗa game da ke ya fi hannuna sauri, kuma yawancinsa tambaya ce.

Wanda bai taɓa leƙa ɗakin girkinki ba, bari in kwatanta masa. Ƙaramin ɗaki ne a bayan aji huɗu, da murhu uku, da manyan tukwane biyu da ƙaramar ɗaya, da taga guda da ke kallon lungun da nake bi in zan kai wanki. A jikin bango akwai kanta mai hawa biyar, kwanonin yara a jere a kai, ɗari da tamanin da shida. Kowane kwano malamai sun rubuta masa lamba a gefe da fenti, daidai da lambar yaro a rajista. Ke ba ki karanta lamba. Amma in yaro ya tsaya a gabanki, hannunki na zuwa kan kwanonsa tun kafin ya buɗe baki. Yaya kike yi? Da lotsawar kwanon kike ganewa, ko da inda kika ajiye shi jiya? Ban taɓa tambaya ba, yanzu kuma babu mai ba ni amsa.

Malamai da kansu sun faɗa cewa kina riga rajista sanin wanda bai zo ba. In an gama rabo da ƙarfe goma da rabi, sai ki juya ki dubi kanta. Duk kwanon da ya rage a wurinsa, mai shi ba ya makaranta. Rana ɗaya ba ki cewa komai. Rana ta biyu ki tambayi maƙwabcinsa na benci. Rana ta uku, in an tashi, sai ki sa kwanon a cikin gyale, babu komai a ciki, ki taka har gidan. Ba ki yi wa iyaye faɗa, ba ki kawo zancen karatu. Ki yi sallama, ki zauna, ki fito da kwanon ki ajiye a gaban yaron ki ce, "Wannan ne ya dame ni da cigiyarka, na ce to mu je ka gan shi da idonka." Ɗan mai gyaran famfo, wanda ubansa ya fara tafiya da shi wurin aiki, haka kika maido shi. Uban ya ce da malami ne ya zo da sun yi musu har magariba, amma kwano wayam a tsakar gidansa ya rasa me zai ce masa. Yaron nan yanzu yana babbar makaranta.

Malamin lissafi ya ba mu wani labari a gidan makoki. Ya ce shekarar da ya zo, darasinsa shi ne na farko da safe, yana ta fama, rabin ajin na gyangyaɗi, har ya fara zargin kansa. Wata rana kika tare shi a bakin taga kika ce, "Malam, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka ba su waƙa da zane da safe, ka bar min lissafin sai ludayina ya wuce." Ya ce ya ji haushi, mai girki na tsara masa jadawali. Amma ya gwada zango ɗaya. Ya ce yaran da yake kira dolaye su ne suka fara ɗaga hannu, kuma tun daga nan bai sake yin lissafi kafin ƙarfe sha ɗaya ba. Daga ina kika san wannan, ke da ba ki taɓa zama a aji ba? Ko daga tagar nan kike jin yadda muryar yara ke sauyawa?

Yanzu in zo kan nawa.

Shekara uku da suka wuce, kaya suka faɗo wa baban yara a wurin dako, ya kwanta wata tara. Gida ya koma kan wankina. Ba zan tsawaita ba, duk uwa ta san yadda ake raba abin da bai isa ba. Ina zuba wa yara, in zuba wa Kaka da mai jinya, in suka ce, "Ke fa?" in ce na ci a gidan da na yi wanki. Auta yana ƙarami, ya yarda. Kurciya ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa ma ake kiranta Kurciya, amma ashe tana kallo. Tana duba bakin mutum, tana duba hannu. Wata rana na same ta tana shinshina tafin hannuna ina kwance, ta ji ko akwai ƙamshin abinci. Sabulu kawai ta ji.

Daga nan ta fara dawowa daga makaranta da abinci a ɗaure cikin leda a aljihun riga. Ta ce ƙoshi ta yi. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta daina kawowa, amma malamarsu ta aiko cewa yarinyar na barci a aji, an tambaye ta abin da ta iya a bara ta kasa. Sai ta fara fashi. In na raka ta ƙofa, in na juya ta biyo ni, wai za ta riƙe min ƙullin wanki. A wata guda kwana bakwai kawai ta yi a aji. Na shiga damuwar da ban taɓa shiga ba, domin ni na san abin da rashin karatu ya yi min, na san yadda ake miƙa wa mutum takardar asibiti ya juya ta sama da ƙasa yana murmushin kunya.

A cikin wannan hali ne kika fara kirana. Ina wucewa ta lungu da ƙulli a ka, wajen ƙarfe goma, sai na ji daga taga, "Ke 'yar nan, Mai Wanki, zo ki taimake ni." Na sauke kaya. Kika ce tsufa ya kashe miki harshe, ba kya jin gishiri, kina tsoron ki zuba wa 'ya'yan mutane abin da ba zai ciwu ba. Kika miƙo min ƙaramin kwano ta taga. Na ce ai cokali ɗaya ya isa a ji gishiri. Kika ce, "Cokali ɗaya na sama ne. Gishiri ƙasa yake kwanciya. Ci har ki kai gindi, sannan ki gaya min gaskiya." Na ci har gindi, na ce ya yi daidai. Kika ce gobe ma in biyo.

Haka muka yi shekara uku. Ranar shinkafa da wake, ranar taliya, ranar dankali, ina tsaye a lungu ina ɗanɗana gishiri. Wani lokaci in ce a ƙara kaɗan, ki ce to, in ji kina motsa gwangwani. Har alfahari nake yi a gida, ina cewa abincin makarantar nan ba ya sauka sai da izinina. Baban yara yana tsokanata, wai an ba ni muƙamin shugabar gishiri ba albashi. Kuma a cikin makon da na fara ɗanɗanawa, Kurciya ta koma aji. Ta daina barci, ta daina fashi, ƙarshen shekara ta zo ta shida, bara ta zo ta uku. Na tambaye ta me ya sauya, ta ce, "Tsakanina da Inna ne." Na tambaye ki, kika ce, "Yaro ai kamar miya ne, wata rana sai ya daɗe a wuta." Ban taɓa haɗa abubuwan nan biyu ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Bayan rasuwarki da mako guda, mu iyaye mata muka ce ba abin da za mu yi miki da ya wuce mu gyara ɗakin girkinki, wadda za ta gaje ki ta same shi fes. Muka taru mu tara, shugabar makaranta ta ba mu makulli. Wasu suka kama shara, wasu tukwane, ni aka ba ni kwanoni, tunda wanki sana'ata ce. Da na kifa na farko sai na ga ɗigon ja a gindinsa, kamar na jan farce. Na biyu babu. Na uku ɗigo biyu. Wani da kore, wani da farin layi. Na ce a raina, Allah sarki Inna, ido ya yi rauni, fenti ya ɗiɗɗiga mata ba ta gani ba. Shekara ashirin ina wanki, idona bai iya ganin tabo ya bar shi ba. Na sa soson ƙarfe na dage. Wanda ya ƙi fita na kankare shi da bakin wuƙa. Ina jin daɗi, ina cewa yau kwanonin Inna za su yi ƙyallin da ba su taɓa yi ba.

Na goge arba'in da ɗaya kafin Baba Maigadi ya leƙo ya ga abin da nake yi. Sai ya ce, a hankali, "'Yata, rajistar Inna kike gogewa."

Na ce wace rajista?

Ya ce shi ma bai san karatunta ba. Abin da ya sani, duk farkon zango kina zama a kan turmi da 'yan kwalaben jan farce da 'yarki ke ba ki, kina kifa kwanoni kina ɗiga musu, kina magana ke kaɗai. Kuma in kin zo rabo, kafin ki zuba, sai kin ɗaga kwano kin leƙa gindinsa.

Inna, soson nan ya faɗi daga hannuna. Ni da na sha kuka a kan cewa ban iya karatu ba, ni ce na samu rubutun wata na goge shi don ban san rubutu ba ne. Matan suka yi ta ba ni haƙuri, wata ta ce ai ba da gangan ba ne, wata ta ce mai rubutun ma ta tafi, wa zai karanta? Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Wa zai karanta?

Washegari na ɗauki littafina na ajin manya, wanda ya rage shafi goma sha biyu, na koma na rubuta lambar kowane kwano da alamar da ta rage a kansa. Ashirin da uku ne suka tsira. Na arba'in da ɗayan da na goge, lambobinsu na nan, don haka na roƙi malama ta ba ni sunayen masu su, na shiga bi gida-gida bayan na gama wanki. Abin da ya ba ni mamaki, yara sun san abin da ke gindin kwanonsu. Duk yaron da na tambaya sai ya ce, nawa ja ɗaya, nawa kore. Ma'anar ce ba su sani ba. Sai na riƙa tambayar iyaye halin da yaron yake ciki, in rubuta, in na dawo gida in jera masu alama iri ɗaya in ga me ya haɗa su.

Kore bai ba ni wahala ba. Su biyar ne, kuma duk uwar da na tambaya sai ta ce ƙwai ko gyaɗa na sa wa ɗanta ƙuraje. Farin layi, masu cin abinci a hankali ne, ko mai ciwon haƙori, ko ƙanana da ba su iya sauri ba. Su kike fara zuba wa don kada ƙararrawa ta same su da rabi. Baƙin ɗigo, na yaran da ke zuwa daga bayan gada ne, in ruwa ya tsare su suka makara kina rufe musu nasu a ƙaramar tukunya. Ja ɗaya ya ɗauke ni kwana uku. Sai da wata yarinya ta ce, "Ni ranar Litinin Inna tana cika min har baki," sannan na gane. Waɗanda Asabar da Lahadi ke yi wa tsawo ne. Ja biyu kuwa, kullum Litinin ce a gidansu.

Ina rubutawa ina tambayar kaina, ta yaya kika san duk wannan? Ba ki da takarda, ba ki tara iyaye taro ba, ba wanda ya zo ya ce miki gidana babu. Baba Maigadi ya ce kwanon da ya dawo kike karantawa. Wanda aka lashe har ya yi ƙyalli, da wanda aka ture wake gefe, da wanda ya dawo da wuri fiye da kima. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ke kuma kwano kike tambaya.

Alama ɗaya ce ta rage, zobe rawaya. Kwano uku kacal ke da shi, kuma ɗaya na Kurciya ne. Na tambaye ta, ta juya min baya. Na duba sauran biyun. Ɗaya ɗiyar mai sayar da gawayi ce a bakin kasuwa, wadda mijinta ya rasu. Ɗayan ɗan mai facin taya ne, wanda ke riƙe da yaronsa shi kaɗai. Yaran ba ajinsu ɗaya ba, ba layinsu ɗaya ba, babu mai ƙuraje, babu mai makara. Na yi ta juya abin. Na je wurin mai gawayi, muka zauna a kan buhu muna lissafa halayen 'ya'yanmu, ba mu ga inda suka haɗu ba. Da zan tashi sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ni abin da ke damuna ma, wa zai riƙa ɗanɗana wa sabuwar gishiri? Inna ni kaɗai ta yarda da harshena."

Na koma na zauna. Na ce, ke kaɗai? Ta ce ƙwarai, kullum goma saura kwata. Na ce ni kuma ƙarfe goma. Muka dubi juna. Muka tashi tare, ba mu ko wanke hannu ba, muka nufi rumfar mai faci. Muna tambayarsa ya ajiye tayar da ke hannunsa ya gyara tsayuwa, ya ce ai shekara biyu ke nan abincin makarantar nan ba ya sauka sai ya sa baki, domin Inna ta ce mata ba su iya jin gishiri ba, sai namiji. Goma da kwata yake zuwa. Mai gawayi ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane, ta bar baƙi a kumatu.

Na je wurin 'yarki, Yaya Tela, na same ta a kan keken ɗinki. Na ce, Yaya, tun yaushe harshen Inna ya mutu? Ta tsayar da ƙafa ta dube ni. Ta ce, "Harshen wa? Innar da in na sauya shagon da nake sayen gishiri sai ta gane? Ranar da za ta rasu ma sai da ta ce romon da na yi mata ya yi salam, gishiri bai ji ba."

A nan na san ba don gishiri kike kiranmu ba. Na ɗauka to, tausayinmu kika ji, kika nemi hanyar da za ki ciyar da mu ba tare da kin sa mun sunkuyar da kai ba. Wannan ma ya isa a yi miki addu'a har ƙarshen rai. Amma me ya sa alamar take a kwanon yaro, ba a wani wuri ba? Da na koma gida na zaunar da Kurciya, na ce na san zancen gishiri, saura ki cika min. Sai ta ce, "In na zo karɓa, sai ta leƙa gindin kwano, ta sunkuyo ta ce min a kunne, uwarki ta ci daga tukunyar nan, har gindi, da idona na gani. Sai in ci."

Na ce, ni da nake gaya miki na ci fa?

Ta ce, "Umma, ke kina faɗa ne don in ci. Inna ba ta ƙarya."

Ban yi fushi ba, gaskiya ta faɗa. Inna, ashe kin ga kwanon yarinya yana dawowa a bushe, babu sawun cokali, kin gane juyewa ake yi a leda. Kin gane ba yunwarta ce ke hana ta zama a aji ba, yunwar uwarta ce. Kuma da kin ga dama da sai ki ce mata na ci ko ban ci ba, wa zai kama ki? Amma ba ki yarda ki gaya wa yaro abin da ba haka ba. Sai kika fara ciyar da uwar, don maganar da za ki faɗa wa 'yar ta zama gaskiya. A kan harshenki kaɗai kika yi ƙarya, kuma mu manya kika yi wa, ina roƙon Allah Ya rubuta miki ita a cikin ayyukan lada.

Har yanzu akwai abin da nake son sani. Daga rabon wa kike ɗibar kwano ukun nan, tunda abincin a ƙidaye ake ba ki? Baba Maigadi ya ce shekarun nan bai ga kin zauna kin ci naki ba, kullum sai ki ce kin ƙoshi da tururi. In haka ne, ashe ke ma irin tawa kike yi, sai dai ke babu Kurciyar da za ta shinshina hannunki. Kuma bara, da gidanmu ya farfaɗo, na ce miki yanzu ina karyawa kafin in fito, me ya sa kika ce in ci gaba da zuwa ko cokali biyu ne? Yanzu na gane. Yarinyar ba ta warke ba, tana dai jingine ne da maganarki. Ga shi an janye abin jinginar. Jiya na ci abinci a gabanta, na cinye, na nuna mata kwano. Ta ce wannan na dare ne, da rana fa, in tana aji, wa zai gani?

Na nemi izinin mai gawayi da mai faci kafin in rubuta wannan. Mai faci ya ce in rubuta, ba abin kunya ba ne a ce mutumin kirki ya yi maka wayo. Mai gawayi ta ce in rubuta, in kuma ƙara da cewa ita har yanzu goma saura kwata cikinta na tuna mata.

Allah Ya jiƙanki, Inna Mai Ludayi. Allah Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi fiye da yadda kika yalwata wa 'ya'yan mutane. Yadda ba ki bar kwano ko ɗaya a kan kanta ba tare da kin bi sawun mai shi ba, Allah kada Ya bar ki a ranar da kowa ke neman mai cigiyarsa. Allah Ya shayar da ke, Ya ciyar da ke daga abin da ba ya ƙarewa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Tela da ƙannenta biyu, da jikoki, da malamai, da Baba Maigadi da kuka yi shekara goma sha huɗu kuna gaisawa kowace safiya, da yara ɗari da tamanin da shida. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Saura roƙo ɗaya, ga shugabar makaranta da kuma baiwar Allah da za ta karɓi ɗakin girkin, wadda ban san ta ba tukuna. Littafin alamomin yana hannuna, kwano sittin da huɗu, kowanne da lambarsa da ma'anarsa. Yaya Tela ta ba ni ragowar kwalaben jan farcen. Ni na goge, ni nake so in mayar, in an ba ni makulli wuni ɗaya ya isa. Sannan ina roƙon a bar tagar lungu a buɗe daga goma saura kwata zuwa goma da kwata. Ke kuma sabuwar mai girki, ni zan zo da abincina daga gida in ci a gabanki, ba sai an taɓa na yara ba, kuma zan riƙa zuwa da abin da zai ishi mutum biyu, ko da wani zai biyo ta tagar. Abin da nake nema a wurinki kawai ki kalle ni har in kai gindin kwano, sannan in yarinya mai zobe rawaya ta zo gabanki, ki sunkuya ki gaya mata abin da idonki ya gani.

Na gaya wa Kurciya na rubuta wannan. Ta ce in sabuwar ta yarda, za ta je ranar Litinin ta ga ko mai gaskiya ce. Don Allah a ba ni amsa kafin ranar Asabar, ko a takarda ko ta bakin Baba Maigadi, domin jan farce yana son kwana ɗaya kafin ya bushe sosai, kuma kayan makarantarta na nan a wanke, a goge, a rataye a bayan ƙofa.